Rajistar baftisma da su Fada masu farar riga: abin da na koya a ofishin farish

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida ina zaman jiran aiki, sai wata Lahadi bayan an tashi daga coci Fada na farish ɗinmu, wato yankin da cocinmu ke kula da shi, a nan kudancin Katsina ya kira ni gefe ya ce, tunda ka iya kwamfuta zo ka taimaka mana mu kwashe tsofaffin rajistar baftisma mu zuba a ciki kafin gara ta gama da su. Na ce to Fada, babu damuwa. Wata bakwai na yi a wannan ɗan ofishin, na fara da ƙurar hunturu na ƙare da ruwan Agusta, kuma har yanzun nan aikin bai ƙare ba.

Littattafan manya ne masu baƙin bango, kowane shafi an ja mashi layi gida-gida: lamba, sunan wanda aka yi wa baftisma, sunan uba, sunan uwa, ƙauye, uban baftisma ko uwar baftisma, sai gidan ƙarshe inda Fada ke sa hannu. A tsofaffin cikinsu kusan duk sa hannun da ka duba akwai O.P. a bayan sunan. Ni dai na tashi ina jin kakata tana labarin "su Fada masu farar riga", yadda suke zuwa da babur su kwana a ɗakin kara, amma ban taɓa tsayawa na tambayi su waye ba sai da waɗannan haruffa biyu suka ishe ni da kallo.

Ashe alama ce ta ƙungiyar masu wa'azi, wato Dominikan, wadda wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Dominic ya kafa, Fafaroma Honorius na uku ya amince da ita a 1216. Irinsu ake ce wa firaya, kalmar daga Latin ta samo asali kuma ma'anarta ɗan'uwa kawai. Sun bambanta da Fada na dayosis wanda yake ƙarƙashin Bishop ɗin yankinsa, sun kuma bambanta da 'yan zuhudun da ke shiga gida ɗaya su zauna har mutuwa. Su nasu yawo ne, inda aka tura su nan za su. Faransiskan da Ogustiniyan da Karmelait duk dangi ɗaya ne da su ta wannan fuskar, kuma da bara suka fara rayuwa, suna bin gari-gari a ƙafa suna karatu suna wa'azi. Ranar da na karanta wannan sai na tuna da gardawan da ke wucewa ta garinmu da allo da buzu idan kaka ta yi. Ba abu ɗaya ba ne, na sani, amma Bahaushe ba zai ji labarin mai ilimin da ya bar gida ya dogara da sadaka ba ya ce baƙon abu ne a wurinsa.

Namu daga Amurka suka zo, daga Chicago. A 1951 uku daga cikinsu suka sauka Legas suka karɓi cocin Yaba, a 1953 kuma aka yanke lardin Sakkwato da lardin Katsina aka ba su su riƙe, suka yi Gusau mazauninsu, a 1956 su Sista na Dominikan daga Kansas suka biyo su. Edward Lawton, ɗaya daga cikin ukun farko, shi ya zama Bishop na farko na Sakkwato a 1964, bai daɗe ba ya rasu a Disamban 1966, sai abokin tafiyarsa Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Ka duba taswira ka ga faɗin ƙasar nan, daga Yawuri har Daura, sannan ka tuna su Fadan ba su da yawa kuma yawancin hanyoyin ba kwalta.

Abu na farko da ya fara damuna a aikin shi ne canjin rubutun hannu. Sai ka saba da hannun wani Fada, ka gane yadda yake rubuta r da n, ka gane bakwai ɗinsa ba ɗaya ba ce, kun yi tafiyar shekara uku ko huɗu tare a kan takarda har ka fara jin kamar ka san mutumin, kawai sai ka buɗe shafi ka ga wani hannu daban, shi ke nan wancan ya tafi babu ko sallama. Na yi wa Fada ƙorafi wata rana, na ce Fada me ya sa ba a barin mutum ya zauna ya ga ƙarshen abin da ya shuka. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce mani, ɗana, ka san ranar da ɗan Dominikan zai ɗauki alkawarin rayuwa abu ɗaya tak yake furtawa da bakinsa, biyayya, talaucin da rashin auren duk a cikinta suke. Farish ba tashi ba ce, ko agogon hannunsa ba nashi ba ne.

Wannan maganar ta zauna mani, don daga nan na fara kallon shafukan da wani ido. Akwai wani Fada da rubutunsa ƙanana ne a tsare kamar na ɗab'i, kuma shi ba ya barin gefen shafi haka nan, idan yaron da aka yi wa baftisma ya girma ya yi aure sai ya koma baya ya nemo layinsa ya rubuta ranar da wurin, idan iyali sun ƙaura ya rubuta inda suka koma, har wani wuri ya rubuta cewa wannan mutumin suna biyu gare shi, ga wanda ake kiransa da shi a ƙauye. Mutumin ya san sarai ba shi zai buɗe littafin nan ba bayan shekara goma, wanda zai zo bayansa yake yi wa aiki, wanda bai sani ba kuma ba zai taɓa gode mashi ba. Na ga amfanin abin da idona. Wata baiwar Allah ta zo daga nesa neman shaidar baftismar mahaifinta da ya rasu, sunan da ta ba ni babu shi a ko'ina, mun kusa haƙura sai na tuna da wannan rubutun gefen, cikin minti kaɗan muka same shi da sunan ƙauyen. Ta rungume takardar tana kuka. Akwai kuma wani hannun mai gaggawa, Allah ya ji ƙansa ban san irin gajiyar da yake ciki ba lokacin, amma shafukansa sun ci mani sati uku kuma akwai layukan da har yau babu mai iya karanta su. Tun daga lokacin, duk abin da na shigar a kwamfuta wanda ban tabbata ba sai na rubuta a gefe cewa ban tabbata ba, ga lambar littafi ga shafi, don wanda zai karɓe ni kada ya ɗauki zatona a matsayin gaskiya.

Sunayen ma labari ne da kansu. Shafukan farko cike suke da sunayen mutanen kudu, Ibo musamman, ma'aikatan reluwe da akawu da 'yan kasuwa, don lokacin Turawan mulki ba a sakar wa mishan mara a ƙasashen sarakuna ba, coci abin Sabon Gari ne. Sai ka iso 1966, shekarar da aka yi wa Ibo kisan nan a Arewa waɗanda suka tsira suka gudu gida, sai littafin ya yi shiru, layi ɗaya nan layi ɗaya can. Na daɗe a kan waɗannan shafukan ban taɓa kwamfutar ba. Bayan nan a hankali sai sunayen gida su fara shigowa, su Tanko da Bawa da Nomau da Ranau, su Kande da Tani da Ladi, 'ya'yan Maguzawa daga ƙauyukan da ko a taswira babu su. Ra'ayina, kuma na faɗa wa Fada haka, an makara wajen juyowa ga mutanen ƙauye, sai da benci ya zama wayam aka waiwayo su da gaske. Amma da suka juyo ɗin sun juyo da zuciya ɗaya, rubutun ya nuna. Da farko za ka ga an rubuta sunan ƙauye yadda kunnen Ba'amurke ya ji shi, har sai ka furta da ƙarfi kafin ka gane inda ake nufi, bayan wasu shekaru hannun nan dai ɗaya ya fara sa lanƙwasa a kan ɗ da ƙ da biro. Babban mutum mai digiri ya zauna a gaban manomi yana maimaita kalma ana gyara mashi, wannan ba ƙaramin saukar da kai ba ne.

Wanda ya fi nisa a wannan fannin a cikinsu shi ne Fada Joseph Kenny, ya zo Najeriya a 1964, ya koyi Hausa ya koyi Larabci, ya yi digirin dakta a Edinbara a 1970 a kan tauhidin Shehu Sanusi na Tilimsan, malamin nan da ake karanta littattafansa a zaurukan malamanmu, daga baya ya yi shekaru yana koyar da ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Ibadan, ya rasu a 2013. Ni da nake da kawunnai Musulmi da 'yan'uwan wasa Musulmi, abin ya sa na ji nauyi a raina, baƙo ya zo ya san littattafan maƙwabtana fiye da ni da muke cin tuwo kwano ɗaya da su.

To amma abin da ya fi tsaya mani a rai, wanda saboda shi ma na zauna rubuta wannan, shi ne gidan da babu a rajistar. Akwai wani tsohon katikis, wato malamin coci na ƙauye mai taimaka wa Fada, da ke zuwa ofis ɗin yana zama kusa da ni don idonsa ya yi rauni ba ya iya zuwa gona, sai in riƙa karanto sunaye da ƙarfi shi kuma yana ba ni labarinsu, wannan ai ɗan wane ne, wannan uwarsa ta hana shi sai da aka yi shekara biyu ana lallashi, wannan a gindin tsamiya aka yi masu don ruwa ya rushe cocin. Wata rana na ce, Baba, duk waɗannan kai ka koyar da su? Ya ce ƙwarai, yaro, Fada sai wata ɗaya ko biyu yake zagayowa, da damina ma idan rafi ya kawo sai ya fi haka. Shi ke koyar da masu neman baftisma shekara biyu ko uku, shi ke jan addu'ar Lahadi, shi ke binne matattu, shi ke yi wa sabon Fada tafinta ya kuma raɗa mashi wane ne mai unguwa wane ne ba a gaisarwa a tsaye, shi ke raba rigimar miji da mata da tsakar dare. Na duba shafin da ke gabana, sunan yaro na nan, na iyaye na nan, na Fada na nan da O.P. ɗinsa, na Baba babu. Wuri ɗaya kawai sunan katikis ke fitowa, idan jariri ko tsoho na bakin mutuwa Fada ba ya kusa ya yi mashi baftismar gaggawa, shi ne ake rubutawa a gefe.

Ba ina cewa su Fada ba su san darajar katikis ba, sun sani, don sun san su masu wucewa ne shi ya sa aka kafa makarantar horar da katikis a Malumfashi, kuma duk wanda ya san ƙauyukan nan ya san ita ce ta riƙe cocin Hausawa. Fom ɗin ne aka zana a wata ƙasa inda Fada ke kwana cikin mutanensa kullum, aka kawo shi nan ba a ƙara mashi layi ba. Amma rashin layin ya yi ɓarna, don duk mai rubuta tarihi daga takarda yake ɗauka, sai ya fito da jerin sunayen Turawa kawai.

Su Dominikan ma ba su ne baƙin farko ba, tun a 1711 wasu 'yan Faransiskan biyu, Fada Carlo da Fada Severino, suka iso birnin Katsina daga Tarabulus ta Fezzan da Agadas, suna neman Kiristocin da aka ce masu akwai a Kwararrafa, ciwo ya kama su duk biyun suka rasu a nan, babu wanda suka bari a baya. Sai a 2023 aka yanke dayosis ɗin Katsina daga Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama Bishop a ɗarikar Katolika, kuma ɗan katikis ne. Babban cocin nasa sunan Martin de Porres yake ɗauke da shi, ɗan'uwa Dominikan na birnin Lima a ƙasar Peru wanda uwarsa baƙar fata ce 'yantacciya, bai taɓa zama Fada ba, shara da jinyar marasa lafiya ne aikinsa, shi ya sa ake zana shi da tsintsiya a hannu. Ranar naɗin a watan Disamba Baba bai samu zuwa ba saboda ƙafa, a waya na nuna mashi hotuna, ya kawo wayar dab da idonsa ya daɗe bai ce komai ba.

Washegari na koma ofis ɗin na roƙi Fada izini na ƙara gida ɗaya a jadawalin kwamfutar, na sa mashi suna katikis ɗin da ya koyar. Fada ya ce in yi, amma in rubuta daga bakin wa na ji kowane suna. Yanzu haka Baba ya cika mani na ƙauyuka shida daga kansa. Sauran sai an bi tsofaffi, kuma abin na son hanzari, don tun da 'yan bindiga suka shiga cocin Vincent Ferrer na Malumfashi a watan Mayun 2021 suka kashe Fada Alphonsus Bello kowa ya san babu inda ya tsira, wasu ƙauyukan da ke cikin littafin ma mutanensu sun watse. An ce mani akwai wata tsohuwa, matar wani katikis da ya rasu, tana zaune wurin ɗanta a Funtuwa kuma ba ta manta komai ba. Ranar Asabar zan shiga mota in je in gaishe ta, da littafi na uku a jaka.