Karayar da ta fi ƙarfin mai ɗori

Duk wanda ke Garwa ko Marwa ya san yadda 'yan moto ke jawo karaya kullum, kuma galibi ɗori ko filasta sun isa, don ƙashi da kansa yake haɗewa. Amma akwai irin wadda ƙashin ke dagargajewa wani yanki ya tafi gaba ɗaya, giɓin ya yi faɗin da jiki ba zai iya cikewa ba. Sai likita ya yanko ƙashi daga ƙugun mutum ya toshe gurbin, ciwo biyu kenan, ga shi abin da ake iya yankowa ba yawa.

Tun 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya dasa ƙashin da aka wanke ma'adinansa a cikin tsokar zomo sai ga sabon ƙashi ya tsiro a gun. Daga nan aka gano furotin ɗin da ke ba jiki umarnin yin ƙashi, BMP. A 2002 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yarda a sa wani nau'insa, BMP-2, a aikin ƙashin baya, ana jiƙa shi a soson kolajin (furotin ɗin da ke cikin fata da ƙashi) a ɗora.

To matsalar fa soson ba ya riƙe shi da kyau, kaso mai yawa yana zubewa tun kwanakin farko alhali ƙashi makonni yake so, shi ya sa ake zuba miligiram guda-guda na abin da jiki ke aiki da ɗan mitsitsinsa, sai kumburi, sai ƙashi ya fito inda ba a neme shi ba, har a 2008 FDA ta yi gargaɗi kan kumburin wuya mai toshe numfashi. Ni a ganina ba ƙarancin magani ba ne damuwar, lokacin sakinsa ne.

Nan haidirojel ya shigo. Kun san romon ƙafar saniya in ya kwana a firij ya daskare? To shi ne, jelatin ne ya riƙe ruwa. Ana yinsa da jelatin ɗin, ko aljinet na ciyawar teku, ko kitosan daga ɓawon jatan lande. A cusa furotin ciki, in an tsananta saƙar sai ya riƙa fita a hankali yayin da haidirojel ɗin ke narkewa, wasu su ƙara hefarin, maganin hana jini daskarewa, don yana kama BMP-2 ya riƙe. Wanda ya fi burge ni shi ne na kashi biyu, wani furotin mai suna VEGF ya fara fita ya jawo jijiyoyin jini, BMP-2 ya biyo baya, don ƙashin da jini bai kai masa ba wallahi ba ya rayuwa.

Yawancin wannan har yanzu a ɓeraye da zomaye ake gwadawa. Kuma ko ya fito gobe kuɗinsa ba na talaka ba ne, sannan furotin ba ya son zafi, ku tuna ranar Garwa a watan Afrilu da yadda wuta ke ɗaukewa.