Sati na bakwai da kiristal ɗin nan: hoto ya kama, amma kallo na cinye shi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, kwana biyu kun ji ni shiru, ba guduwa na yi ba, abin ne yaƙ ƙi ni sai daren Talata.

Ga waɗanda ba su bi daga farko ba, ɗan kiristal ne na litiyom nayobet mai ɗan ƙarfe a ciki, girmanshi bai wuce ɗan magi ba, wani abokina da ke karatu waje yab ba ni aro. So nike in ajiye hoto cikinshi da hasken leza. Leza kore gare ni, ina raba haskenta biyu, ɗaya ya bi ta cikin hoton da na buga kan leda mai garai-garai, ɗayan ya tahi hakanan, su gamu cikin kiristal. Inda sunka gamu sai su yi zane-zane na haske da duhu, ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, su tashi daga wurin haske su tare wurin duhu, wannan cajin shi ke sauya yadda kiristal ke lanƙwasa haske. Rubutun ke nan, ba tawada ba komi. A 1966 da wani mai bincike Ashkin da abokan aikinshi na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka sunka fara ganin abin ma ɓarna sunka ɗauke shi, leza ta lalata musu kiristal, sai 1968 anka nuna ana iya ajiye hoto da shi.

Sati biyu na ɓata a banza saboda na aza kiristal ɗin a karkace. Yana da gefen da caji ke bi, in zanen bai jeru ta wannan gefen ba sai ka yi ta haskawa har asuba abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Ku duba alamar da ke jikin naku kafin ku fara don Allah.

Sai girgiza, wagga ita taj jiƙa mani aiki. Tazarar zanen nan ba ta kai mikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kai ma ƙato ne a wurinta, to ku duba janaretan maƙwabci na ruri, 'yan kabu-kabu na wucewa, yara na buga ƙofa, duk motsin da tebur yay yi zanen ya shafe. Na je wurin mai faci na sayi tsohon tub na mota, na hura shi rabi, na aza katako da akwatin yashi bisa, madubban da ke juya hasken na kafe su cikin yashin. Tsohuwa ta leƙo ta ce wai yanzu duba na koma yi da ƙasa, na ce Inna ai gara duba, shi ana biyan mutum. Fanka ma dole a kashe ta, da zafin Sakkwato, ɗaki rufe saboda ƙura, gumi har cikin tabarau na kariya, amma kar wanda ya cire shi hwa, ido ba ya da sifiya.

Ƙarfe biyun dare da gari yay yi tsit na kunna da batir, na bar shi minti kaɗan ina zaune ko numfashin kirki ban yi, sannan na tare hasken hoton da kwali, na bar ɗayan shi kaɗai. Wallahi sai ga ɗigo-ɗigon murabba'in nan sun fito kan farar takarda, alhali ledar ba haske ke bi ta cikinta ba. Lambar QR ce na buga, waya ta ƙi karanta ta don ta yi dishi-dishi, amma ita ce.

Na ɗan murɗa kiristal kaɗan ƙwarai sai hoton yab ɓace, na maido shi ya dawo. Nan dabarar take, kowane kusurwa shafinshi daban, haka wani mai bincike Mok ya zuba hoto 5000 cikin kiristal guda a 1993. Ni biyu na samu, na biyun ma ya rage ma na farko ƙarfi.

Abin da yab ban haushi kuma ya burge ni, ina ta kallo ina murna hoton na dusashewa. Hasken da kake karatu da shi shi ne dai ke sake tada ilektiron ɗin ya watsa su, kamar mai karanta allo yana wanke shi. Maganin da wasu masu bincike Amodei da Staebler sunka kawo a 1971 shi ne a gasa kiristal sama da digiri 100, ƙwayoyin sinadarin haidurojin da ke cikinshi su matsa su kwafi zanen, in ya huce su daskare nan. Na so in gwada da kaskon gawayi sai na tuna litiyom nayobet na tsagewa in zafi ya sauya mai da sauri, kuma kayan aro ne, in ya fashe mi zan ce ma mai shi?

Sati mai zuwa zan rage ƙarfin hasken karatu in riƙa ɗaukar hoto duk minti ɗaya in ga saurin gushewar. In akwai mai ƙaramin oban da ake saita zafinshi a nan cikin gari ya yi mani magana, ni zan zo da tub ɗina.