Kafin amarya, sai furen kuɓewa

Ɗan shagona na hoto yana kan titin Gidan Zoo. Biki da suna da fasfo su ne abincinmu. Amma duk yaron da aka kawo min koyon aiki, ba ya kusantar amarya sai ya yi sati biyu yana bin furanni. Fure ba ya fushi, ba ya cewa a goge a sake, kuma in ka yi kuskuren haske nan take zai tona maka asiri.

Sammako nake fara koya musu. Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi, shi ke nan nasa. Daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar, haske na da taushi. Ranar tsaka kuwa ƙone kala take yi, farin fure ya koma kamar takarda. In ya zama dole, sai wani ya riƙe farin mayafi tsakanin fure da rana. Ranar da hadari ya rufe sama da damina, haske kan yi taushi, wannan kyauta ce daga Allah, ban da kasala.

Sai iska. Ka gama saiti, fure ya kama rawa. Ina sa saurin shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/250 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, yaro ya kare iskar da kwali. Farin kwalin nan shi ne kuma ke mayar da haske ɓangaren inuwa.

Wani yarona ya taɓa kawo min hoton furen tumfafiya, farinsa da jan-shuɗin bakinsa sun fito tas, har ɗan kudan zuma a kai. Sai ga baƙar leda maƙale a ƙaya can baya. Na ce, "Kai, ledar ce amaryar?" Tun ranar yake duba bayan fure kafin furen. Durƙusa, gwiwa a ƙasa, buɗe ƙofar hasken lens, wato gilashin gaban kyamara, zuwa lamba f/4 don bayan ya dusashe.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba: goge gilashin, matso da ƙafarka maimakon zuƙowa, taɓa furen a allo don ya fito tas.

Da hunturu kada ka kuskura ka canza lens a fili. Na taɓa yi a bakin wani kududdufi ina neman furen bado, ƙura ta shige ciki, kuɗin wankin kyamarar ya cinye min ribar biki guda.