Asabar: tsohuwar na'urar Yuro 40

Da fara'a na tashi yau, kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ciniki na yi. Ku da kuka san ni kun san ba abin da ke faranta min rai irin in sayi abu ƙasa da kuɗinsa. Jinin Maraɗi ba ya ɓuya ko a cikin rigar sanyi uku.

Tun watan jiya abokina Dogo ke yi min mita: in dai ina son bin su hawan duwatsun Belledonne, nan kusa da Grenoble ta Faransa, bayan hutun ƙarshen shekara, to aro ya isa haka, in nemi DVA tawa ta kaina. Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ana rataya ta a ƙirji, ƙarƙashin rigar sama. Tun ka bar mota take fitar da sigina, kusan kowace daƙiƙa, a kan zango guda da duniya ta yi ittifaƙi a kansa, kilohaz 457. In dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne mutum, waɗanda suka tsira sai su murɗa nasu daga aikawa zuwa nema, su bi siginar har su tsaya a kansa. A filin zamiya na Chamrousse ba mai tambayarka ita, don can akwai ma'aikatan da ke sauke ƙanƙarar da ke barazana tun kafin a buɗe hanya. Amma da zarar ka tsallake igiyarsu ka shiga dajin Allah, su Dogo ba sa ɗaukar mutum ko a mota in babu DVA da shebur da sandar lalube a jakarsa.

To jiya da dare na ga wani ya sa tasa a kasuwar intanet, Yuro 40. Sabuwa mafi araha da na gani ta haura 200. Yau da hantsi muka haɗu a tashar taram, wani dattijo mai kirki, ya ce gwiwa ta hana shi hawa. Ya kunna min, 'yar fitilar ta yi ƙifta-ƙifta, na ba shi kuɗi ban ko taya ba. Ni! A hanya har ina lissafin abin da zan yi da rarar: rabi ga Auta na kuɗin rajista, rabi in sayi safar hannu ta mutunci.

Mun yi da Dogo za mu haɗu a lambun Paul Mistral ƙarfe sha ɗaya. Na zaro ta daga aljihu ina murmushi. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya buɗe gidan batir ya leƙa, ya ga wani farin gari-gari a bakin ƙarfen, ya kankare da farce. Bai ce komai ba. Shirun Dogo ya fi faɗansa ciwo.

Can ya ce mu gwada. Ya sa tawa cikin safar hannu, ya ce in je in ɓoye ta inda na ga dama. Na tura ta ƙarƙashin tarin busasshen ganye, nesa da hasumiyar Perret, har na bi ta wata hanyar na dawo don kada sawuna ya tona ni. Ya kunna tasa, ya tafi kamar mai bin ƙamshin suya. Ban gama gyara hulata ba ya ɗago safar sama. Na ce, “Ka gani? Tana aiki lafiya lau. Kuɗina sun huta.”

Ya ce, “Yanzu kai.”

Ya ɓoye tasa, ya miƙo min tawa. Na murɗa ta zuwa nema. Ba allo, ba kibiya, ba lamba. Ƙara kawai, tit, tit, tit, in ka doshi wurin ta ƙaru, in ka kauce ta ragu, kai kuma kana rage ƙarfinta da wani maɓalli kamar na tsohuwar rediyon Baba. Eriya ɗaya gare ta, don haka yadda ka riƙe ta ma yana sauya ƙarar. Na juya dama ta yi ƙarfi. Na yi taku biyar ta mutu. Na dawo, na juya hagu, ta yi ƙarfi. Wata mata mai kare ta tsaya tana kallona. Na zagaya bishiya guda sau uku. Gumi a watan Disamba. Da na same ta daga ƙarshe, cikin kwandon keken wani yaro da Dogo ya roƙa, ya nuna min agogonsa: minti 14.

Na fara kare kaina, ban saba ba ne, da koyo zan iya. Ya ce gaskiya ne, akwai tsofaffin hannu da suka fi shi sauri da irin wannan, amma shekara ashirin suka yi suna sauraronta. Sai ya faɗi maganar da ta hana ni sakat har yanzu da nake wannan rubutun.

“In kai ne a ƙasa, zan same ka. Taka tana kuka kamar ta kowa. In ni ne a ƙasa fa?”

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Yana ɗaure igiyar takalminsa ma ya faɗa.

Wallahi tun da na fara tunanin sayen abin nan, kaina kawai nake hangowa a ƙarƙashin ƙanƙara. Ni ne a kwance cikin duhu, su ne a sama suna nemana. Shi ya sa Yuro 40 ta yi min daidai: na ce ai ran nawa ne, in na yi masa rowa ni na jiyo. Ko sau ɗaya ban hango ni a tsaye ba, da abu a hannu yana tit-tit, Dogo kuma a ƙasa yana jira in gama zagaya bishiya. Mutumin da ya kwana biyu a kujerar asibiti lokacin da aka yi min aikin nan bara.

Kuma minti 14 ɗin nan ba lamba ce ta banza ba. Ranar horon da muka je a watan Nuwamba malamar ta zana mana layin a allo, daga alƙaluman da aka tattara a Siwizalan: wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da tara cikin goma ana samun su da rai, a kai minti 35, sai kusan uku cikin goma, don iska ce ke ƙarewa. Jirgin jandarmomin dutse, ko ka kira 112 a take, da wuya ya iso cikin wannan ɗan tsakanin. Abokan tafiyarka su ne motar asibitinka. Nemowa kuma shi ne ɓangare mai sauƙi. Ƙanƙarar da ta zaftaro ta tsaya ba irin lallausar nan ba ce ta hoto, daskarewa take yi kamar siminti, kuma mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe abin da ya kai tan guda kafin a kai gare shi. Ke nan ni na cinye lokacin duka ban ko zaro shebur ba. A lambu. Ba tsoro, ba gangara, ba ihu.

Ya ƙara min da cewa irin waɗannan tsofaffin, in sun daɗe, siginarsu kan zame daga 457 ɗin, alhali ka'ida ba ta yarda a kauce fiye da haz 80 ba, sai sababbin na'urori su riƙa jin su sama-sama. Wato ko kukan da nake taƙama da shi ba tabbas. Arha ba ta ado.

Ban ji haushin dattijon ba. Abin da ya yi amfani da shi shekara da shekaru ya sayar min, da zuciya ɗaya.

Shago bayan Azahar. Mai sayarwar, yarinya ce da ba ta kai Auta ba, ta jero min guda huɗu a kan tebur, ta ce kafin komai in cire ido daga masu tsadar nan na jagorori, yawan maɓallansu zai ruɗa ni ne kawai. Abin da ta ce kada in sassauta a kai: eriya uku, allo mai nuna kibiya da tazara, da maɓallin da ke “rufe bakin” wanda ka riga ka gano in mutum biyu ne a binne, don ka wuce ga na biyu yayin da wasu ke tono. Na tambaye ta amfanin eriya ta ukun. Ta zana min da biro a bayan rasit: siginar ba miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take kamar ɓawon albasa, biyun farko su ke ba ka kibiya ka bi lanƙwasar, ta ukun kuma ita ke hana na'urar yi maka ƙarya a mita biyu-ukun ƙarshe, inda tsofaffin kan nuna maka gefe alhali mutumin na ƙarƙashin ƙafarka.

Akwai Arva Evo5, 'yar gida Faransa, ƙarama, batir ɗaya tal, faɗin layin nemanta mita 50. Akwai Barryvox ta Mammut, mita 70. Akwai Tracker ta Amurkawa, jikar wadda ta fara zuwa da kibiya a 1997. Har da wata ta Ortovox mai magana, tana gaya maka ka yi dama ko hagu da murya, na ce wannan in da Hausa take yi da na saya ko nawa ne. Yarinyar ba ta gane abin dariyar ba.

Dogo ya hana ni karanta kwali. Ya ce in sa safar hannuna mai kauri, in rufe ido, in murɗa kowace daga aikawa zuwa nema in dawo da ita. Wadda yatsuna suka gane ba tare da ido ba, ita ce tawa. Biyu suka ci jarrabawar. A cikin biyun na ɗauki mai jin sigina daga nesa, tunda ni sabon shiga ne, gwamma ta fara ji da wuri ta rage min kai-da-kawowa.

Yuro 250. Na buga a waya tun ina layin biya, ko da yake na san amsar: jika 164 na sefa. Hannuna sai da ya yi nauyi a kan katin. Kuɗin rajistar Auta sai wata mai zuwa ke nan. Safar hannu kuwa a ci gaba da haƙuri da mai huda.

Muka koma lambun kafin rana ta faɗi. Minti 4, sannan 3 da 'yan kai. A karo na uku kibiyar ta haukace tana nuna ko'ina, ashe wayata ce a aljihun ƙirji. Santimita 20 tsakaninta da waya in tana aikawa, 50 in kana nema. Na sani, an gaya mana, na manta. Dogo ya ce kowace Asabar har mu tafi, ba a fafe gora ranar tafiya. To, ba da waɗannan kalmomin ya faɗa ba, amma abin da yake nufi ke nan.

Magariba ƙarfe biyar. Har yau ban saba ba.

Shinkafa da wake, da sauran yajin da Yaya ya aiko.

Inna ta kira bayan Isha. Ban yi niyyar gaya mata ba, amma na bar kwalin a kan gado, ta hango shi a bidiyo.

“Babana, wata sabuwar waya ce kuma?”

Na ce a'a Inna, ta dutse ce. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙanƙara, gangara, sigina. Ta yi shiru tana kallona, sannan ta ce, “Kamar ramin zinariyar Ɗan Isa da ya rufta da mutane?” Na ce kusan haka, sai dai wannan fari ne. Ta tuna 2021 ɗin nan sarai, ɗan maƙwabciyar ƙanwarta na cikin masu tono da hannu.

“Su abinci suka je nema. Kai me ka ajiye a can?”

Ba ni da amsa. Da na ce mata in ka kai sama da asuba ka ga Mont Blanc ya yi ja kamar garwashi, da ta ce Allah ya shirye ni. Na ce dai muna duba sanarwar hukumar yanayi kullum, hatsarin daga 1 zuwa 5 ake auna shi, su Dogo kuma in ya kai 3 ba sa kai ni wuri mai tsananin gangara. Ta ce lamba ba ta hana ajali. Na ce haka ne.

Sai ta tambayi abin da ban zata ba. “Shi wannan Dogon, tasa mai kyau ce?” Na ce ta fi tawa ma. Ta ce, “To kai ma kada ka riƙe ta banza a kan ɗan mutane.” Ban gaya mata zancen Yuro 40 ba, ban gaya mata minti 14 ba. Daga nan ta koma kan tsadar gero da bikin 'yar Hajiya ta bayan gida, ta yi min addu'a, layi ya yanke kafin in ce amin.

Yanzu sha biyu saura. Sabuwar na kan tebur, na sa mata batir na alkalin kamar yadda aka ce, ba masu caji ba, allon ya nuna 99. Tsohuwar kuma na rasa yadda zan yi da ita. Na buɗe shafin da zan mayar da ita kasuwa, har na rubuta “tana aiki lafiya”, sai na tsaya ina kallon kalmomin. Wani ɗalibi irina ne zai gani ya yi murna. Na goge. Dogo ya ce in kawo ta Asabar, ita za mu riƙa binnewa a ganye.

Rahoton Malam na Litinin ko layi ɗaya ban taɓa ba.