Shari'a uku a kan mace ɗaya

Da na zaɓi in rubuta kundin kammala karatuna na shari'a a kan saki a Damagaram, tambaya ɗaya malamarmu ta ɗora mini: wa mai rubuta doka yake gani a ransa lokacin da yake rubutu? Daga nan masu nazarin doka ta fuskar mata suke farawa, irin su Catharine MacKinnon ta Amurka. Na karanta su, amma a zaurukan unguwannin Birni da Zango na fahimce su.

Macen da aka yi wa saki a nan Nijar shari'a uku ce ke kanta: ta addini a gaban malam, ta al'ada a fada, da ta kotu. Kundin dokokin da muka gada daga Faransa ya sa shekarun aure 15 ga yarinya, 18 ga yaro, sai dai yawancin aurenmu ba ya bi ta kansa. Dokar ƙasa da kanta ta bar aure, saki da gado a hannun al'ada, al'ada kuwa ba a rubuce take ba, maza ne ke faɗin ta. Wata dattijuwa ta ce mini: "Ɗiyata, shi ya furta ya wuce, ni ce ke yawon neman takarda." Ba takarda, ba sabon aure cikin kwanciyar rai, ba ƙarfin neman ciyar da yara.

Shari'ar Hadijatou Mani ta fi tsaya mini. An sayar da ita wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar, tana shekara 12. Da ta sami 'yanci ta auri wanda take so, ita aka ɗaure da laifin aure kan aure. Sai a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kama Nijar da laifin ƙin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Alhali tun 2003 doka ta haramta bauta.

Abin da littattafan waje ba su koya mini ba shi ne, matan da na zauna da su ba addini suke ƙara ba. Haƙƙin da ya ba su suke nema: ciyarwa a cikin idda, sadaki, rabon gado. Majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo ta kare haƙƙin matan Afirka a 2006, daftarin dokar iyali ma ya sha ƙasa tun shekarun 1990, kuma ina ganin da da waɗannan matan aka fara shawara, da ba haka ta kasance ba. Yanzu duk wadda ta zo wurina, kafin komai sai mun nemo shaidu an rubuta sakin.