Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Burodin Mutanen Tsibiri

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya a inda na kama aiki a wani gidan burodi na 'yan Fotugal a garin Fall River, jihar Massachusetts ta Amurka. Yau zan ajiye kaina gefe, in yi bayanin mutanen nan da burodin da suke ji da shi, don wanda bai san su ba, ba zai gane abin da zai biyo baya ba.

Yawancin waɗanda ake ce wa 'yan Fotugal a nan ba daga Lisbon suka zo ba. Mutanen Azores ne, tsibirai 9 na ƙasar Fotugal da ke tsakiyar tekun Atilantika, kuma a Fall River 'yan tsibirin São Miguel sun fi yawa. Na farkonsu jiragen ruwan New Bedford, wani gari kusa da Fall River, ne suka kwaso su a ƙarni na 19, zamanin farautar manyan kifayen teku da ake tatsar mansu don kunna fitila. Da kasuwar man ta mutu sai masaƙun auduga suka ɗebe su aiki, maza da mata. Dokar shige da fice ta 1924 ta kusa rufe musu ƙofa. A 1957 dutsen Capelinhos ya yi aman wuta a tsibirin Faial, toka ta binne gidaje da gonaki, sai Sanata John Pastore da Sanata John F. Kennedy suka tsaya aka yi dokar 1958 da ta ba waɗanda abin ya shafa izinin shiga. Dokar 1965 ta ƙara buɗe hanya. Dattawan da ke sammakon sayen burodi yau, galibinsu 'yan wannan zuwa na biyu ne.

Burodin shi ne massa sovada, mai zaƙi, mai launin ƙwai. Ga ma'aunin kilo 1 na fulawa: ƙwai 5, sukari giram 300, bota giram 150, madara mililita 200, ruwan ɗumi mililita 100, busasshen yis giram 10, gishiri giram 10, da kankararren ɓawon lemun tsami guda. Wasu gidajen suna haɗa botar da kitsen alade, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya saya. Ba su jin haushin tambayar.

Ana jiƙa yis a ruwan ɗumin da ɗan sukari har ya yi kumfa. A narka bota cikin madara, a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki. Nan masu gaggawa ke faɗuwa: madara mai zafi tana kashe yis, ta kuma dafa ƙwan ya yi gudaji. A kaɗa ƙwai da sukari sosai, a haɗa komai, sannan a shiga kirɓi da dunƙulen hannu, minti 20 zuwa 30. Ƙullin yana kama hannu kamar na fanke, kuma haka ake son sa. Wanda ya ga danƙo ya riƙa barbaɗa fulawa, burodinsa zai fito da nauyi, kafin kwana biyu ya bushe. Bota ake shafa wa hannu, ba gari ba.

Sai jira. Yawan sukarin nan yana janye ruwa daga yis, shi ya sa ƙullin ba ya tashi da wuri: awa 4 zuwa 6 a ɗaki mai ɗumi, a lokacin sanyi har ya kwana. Tsofaffin matansu kan zana alamar gicciye a kansa, su lulluɓe kwanon da barguna, kuma kada wanda ya kuskura ya buɗe ƙofa iska ta shiga. Idan ya ninka, a raba shi biyu, a mulmula, a sa a kwano mai zagaye, a sake ba shi kamar awa 2. A shafa ƙwai a sama, a gasa a digiri 160 na ma'aunin Celsius, na kusan awa guda. A ganina wuta ce ta fi ɓata wannan burodi. Sukari yana saurin ƙonewa, in aka kai digiri 200 na burodin yau da kullum, bayansa zai yi baƙi alhali cikinsa ɗanye ne, ya fito ya lotsa. Idan saman ya yi ja da wuri, a rufe shi da takardar alminiyam a ci gaba.

A bikin Ista ana dasa ɗanyen ƙwai da ɓawonsa a saman ƙullin, a ɗaure shi da siraran ƙulli biyu, ya gasu tare da burodin. Amma babbar kasuwarsa ita ce bukukuwan Ruhu Mai Tsarki, waɗanda suke dangantawa da Sarauniya Isabel, matar Sarki Dinis na Fotugal, wadda ta rasu a 1336 kuma ta shahara da ciyar da talakawa. Daga bazara ƙungiyoyin unguwanni ke yin nasu ɗaya bayan ɗaya, ana naɗa wa yara kambin azurfa, a raba nama da burodi, a ciyar da duk wanda ya zo kyauta. Na ƙarshen Agusta a filin Kennedy Park shi ne mafi girma. Wanda ya yi alwashi kan rashin lafiya ya warke, yakan sa a gasa masa burodin a siffar hannu ko ƙafa, ko jariri, a kai a yi gwanjonsa, kuɗin ya shiga asusun bikin. Irin wannan ƙullin sai an ɗan ƙara masa fulawa, in ba haka ba yatsun za su kumbura su haɗe a cikin tanda.

Jikokinsu da yawa ba sa jin harshen kakanninsu, amma su ne ke cika layi a jajibirin biki, kowa da odar da kakarsa ta saba bayarwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɓangaren suya, wato malasada, da yadda 'yan tsibirin Madeira na Fotugal da na Azores suka kai ta Hawai tun daga 1878.