Robobin kan titi ba sa tare mota

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Allon gargaɗin da aka kafa dab da ma'aikatan gyaran titi ba shi da amfani, kafin direba ya taka birki ya riga ya iso.

A kafa alluna tun daga nesa, a jera robobin nan masu tsini a karkace, suna matse hanya sannu a hankali. Tsakaninsu da wurin aiki a bar fili fayau, ko tifa kada a ajiye. Nan ake yawan sakaci, har wasu su zauna hutawa a ciki.

Roba nuni ce kawai. Aikin da zai daɗe sai shingen kankare. Mai tuta, wato ma'aikacin da ke ba motoci hannu, ya tsaya gefe yana fuskantar motoci, kuma a riƙa wanke rigarsa mai ƙyalli, don ƙura da kwalta na dusar da ita.